Hani a Fili da Hani a Ɓoye

Duk wanda ya saba ratsa birnin Sakkwato ya san masu sayar da littattafai, da waɗanda su ke shimfiɗa hajarsu kusa da manyan masallatai, da waɗanda su ke da rumfuna cikin kasuwa. A wurinsu a ke samun Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi da Risala da Ishiriniya, da littattafan boko na 'yan makaranta, da na labaru na Hausa. In mutum ya tsuguna gaban ɗayansu ya ambaci sunan littafi, amsa uku ya kan samu. Ko a ce masa, "Akwai," a miƙo masa. Ko a ce, "Ya ƙare, sai mako mai zuwa." Ko kuwa a ce, "Malam, ni ba na sayar da irin wannan, sai ka gwada gaba." Dukan amsoshin nan uku na gaskiya ne, har da ta ƙarshen, gama mai saye zai tashi ya san inda ya dosa.

Amma akwai wata amsa ta huɗu. A ɗauka wani ya zo ya ce, "Nuna mini abin da ka ke da shi a kan al'amari kaza." Mai haja yana da littattafai goma a kan wannan al'amari, sai ya tura bakwai ƙarƙashin tabarma, ya baje uku, ya yi shiru. Mai saye ya duba ukun nan, ya zaɓi ɗaya, ya biya, ya yi godiya, ya tafi gida yana tsammanin ya ga dukan abin da ke akwai. Ba a yi masa tsawa ba, ba a kore shi ba, ba a ma faɗa masa ƙarya da baki ba. To, an cuce shi ko ba a cuce shi ba? In kuwa littattafai bakwai ɗin nan marasa kyau ne a ganin mai haja, shin wannan ya wanke shi? Tambayar ke nan, kuma ba ta tatsuniya ba ce, domin ta auku a babban kantin littattafai na duniya.

Abin da ya auku a 2009

A ƙasar Amurka akwai wani kamfani mai suna Amazon, wanda Jeff Bezos ya kafa a 1994, ya fara sayar da littattafai ta intanet a 1995. Kantin nan ba shi da ƙofar da mutum zai shiga ya ga littattafai jere. Mai saye yana zaune gida ya ke rubuta abin da ya ke nema cikin kwamfuta ko waya, sai na'urar kamfanin ta jero masa sunayen littattafai. Watau na'urar ita ce yaron kanti, abin da ta ɗauko shi a ke gani. Kowane littafi kuma yana da lamba mai nuna yawan cinikinsa. Mai lamba mai kyau shi ke fitowa a gaba, wanda aka cire wa lamba kuwa ya kan ɓace daga jerin waɗanda suka fi kasuwa, ya nutse can ƙasa in an yi nema, ko da ya ke yana nan cikin ma'aji.

A watan Afrilu na 2009, lokacin bikin Ista na Kirista, sai marubuta suka farga an cire wa littattafai masu yawa lambobinsu, kuma da yawa daga cikinsu suna magana ne a kan maza masu neman maza da mata masu neman mata. A ciki har da Giovanni's Room, labarin da James Baldwin, baƙar fatar Amurka, ya wallafa tun 1956. Wani marubuci, Mark Probst, ya tambayi dalili, aka ba shi amsa cewa kamfanin yana kawar da kayan batsa daga wasu jerin don kiyaye sauran masu saye. Alhali kuwa littafinsa na samari ne, ba batsa a ciki, ga kuma wani littafin hotunan mata tsirara yana nan da lambarsa ba a taɓa shi ba.

Kafin kwana biyu magana ta game ƙasa. Dubban mutane suka sa hannu a takardar kuka, da yawa suka ce sun daina ciniki da kantin, jaridu suka ɗauka. Da fari kamfanin ya ce na'ura ce ta sami tangarɗa. Ran 13 ga wata ya sake fitowa ya ce kuskure ne mai ban kunya wajen rarraba littattafai aji aji, ya shafi littattafai 57,310, har da na kiwon lafiya da na ilmin haihuwa. Wasu jaridu suka ruwaito cewa wani ma'aikaci ne a Faransa ya cika gurbin da ba shi ba cikin rajista. Aka mayar da lambobin. Amma mutane da yawa ba su gamsu ba, domin akwai marubucin da ya ce tun watan Fabrairu aka yi wa littafinsa haka, ya yi kuka, aka ba shi amsa irin ta Probst.

Abin da mai karatu zai ce

Mai karatu a Sakkwato zai iya cewa, "To, mene ne abin kuka a nan? Wannan al'amari addini ya hana shi, dokar Nijeriya ma da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairu na 2014 ta hana auren jinsi ɗaya. Wanda ya ɓoye irin littattafan nan ai taimako ya yi." Maganar tana da nauyi, bai kamata a yi mata rikon sakainar kashi ba. Sai dai shari'a biyu ce a nan, ba a haɗa su zama ɗaya. Ta fari ita ce hukuncin abin da littafi ya ƙunsa, wannan kuwa kowace al'umma tana da malamanta da alƙalanta da dokokinta. Ta biyu ita ce hukuncin hanyar da mai kanti ya bi. Mutum ya kan yi nufin alheri ya bi hanyar ha'inci, kuma kyan nufi ba ya mai da ha'inci halal. A kan ta biyun nan a ke magana, kuma akwai dalilai uku da za su sa mai hankali ya ƙi hani na ɓoye, ko da littafin da aka ɓoye bai yi masa daɗi ba.

Dalili na fari shi ne, ɓoyewa algus ce. Kowane ɗalibi ya ji labarin da ya zo cikin hadisi, na ranar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannunsa cikin tarin, ya ji danshi. Mai hatsi ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Aka tambaye shi me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a bisa inda mutane za su gani, aka kuma yi masa gargaɗi mai tsanani a kan ha'inci. Abin lura, ba a hana shi sayar da jiƙaƙƙen hatsi ba, ɓoyewar aka hana. Risala ta Ibnu Abi Zaidi ma, wadda ke shimfiɗe gaban kowane mai haja, ta hana yaudara da ɓoye aibi cikin ciniki. To, mai hatsi ya ɓoye aibin kayansa, mai kantin intanet kuwa ya ɓoye aibin mudunsa. Ya ce wa jama'a ga jerin littattafan da suka fi kasuwa, alhali jerin tatacce ne. Mudun da aka dushe wa gindi ba ya zama na gaskiya don kawai an auna wa wanda ba a so da shi.

Dalili na biyu shi ne, tarun da aka jefa cikin duhu ba ya zaɓen kifi. Ko an gaskata kamfanin cewa kuskure ne, ai an riga an gina wa na'urar wata ƙofa ta ɓoye, wadda in aka sa wa littafi alama sai ya ɓace ba wanda ya sani. Duk wanda ya taɓa aikin rajista ya san akawu ya kan sa lamba a gurbin da ba nata ba. Amma rajistar da a ke karantawa gaban jama'a, nan take mai abu zai ce, "A'a, ba haka ba ne," a gyara. Wadda ke kulle cikin akwati kuwa, kuskurenta sai ya haihu ya yi jikoki. Shi ya sa aka wayi gari littafin da likita zai duba, da wanda ungozoma za ta ƙaru da shi, sun bi sahun waɗanda aka yi niyya. Bayan kowane littafi kuma akwai mutum, wanda ya ɓata shekaru yana rubutu, yana ci da iyalinsa daga cinikinsa. An taɓa abincinsa ba a kira shi an ji ta bakinsa ba.

Dalili na uku shi ne, wuƙa ba ta san mai ita ba. Wanda ya yi murna yau don an ɓoye littafin da ya ƙi, ya tuna hannun da ya ɓoye ba nasa ba ne. A watan Fabrairu na 2021 wannan kamfani ɗin dai ya cire wani littafi na Ryan Anderson, wanda ya soki al'adar canja jinsi, watau littafi daga ɗaya ɓangaren gardamar. Marubucin ya ce bai sani ba sai da wani mai son saye ya nema ya rasa. Sai da 'yan majalisar dattawa huɗu suka rubuta wa kamfanin kāna ya bayyana dalilinsa, kuma sai a 2025 ya koma sayar da littafin. A 2022 kuma gwamnatin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta matsa masa, ya toshe neman kalmomi fiye da 150 da suka shafi masu neman jinsinsu a kantinsa na can. Yau ya karkata nan, gobe can, duk inda iska ta fi ƙarfi. Tun a watan Yuli na 2009 ma ya miƙa hannu daga nesa ya share wasu littattafan George Orwell daga na'urorin karatu na Kindle waɗanda mutane suka riga suka saya, don wanda ya kawo su ba shi da izinin sayarwa. An mayar wa mutane kuɗinsu, Bezos kuma ya roƙi gafara. Ɗaya daga cikin littattafan nan shi ne wanda Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara da Hausa da sunan Gandun Dabbobi, labarin da shugabanni ke sake rubuta dokokin da ke jikin bango a asirce, talakawa kuwa su wayi gari suna zargin tunaninsu. Hausawa sun ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Haƙƙin mai haja

Kada a ɗauka cewa mai sayarwa bawan mai saye ne. Shi ma mutum ne mai zuciya, zai kuma tsaya gaban Ubangijinsa a tambaye shi abin da ya ci da abin da ya sayar. Ba mai tilasta wa mahauci ya yanka abin da ya ke ƙyama, haka ba mai tilasta wa mai littattafai ya shimfiɗa abin da zuciyarsa ta ƙi. In ya ce, "Ba na sayar da irin wannan," ya fita haƙƙin kansa, ya kuma fita haƙƙin mai saye.

Sai dai nauyin maganar yana ƙaruwa gwargwadon girman mai ita. Gari mai rijiya ashirin, in mai ɗaya ya rufe tasa, mata sai su ɗauki tuluna su yi gaba. Amma garin da rijiyarsa ɗaya ce tak, ranar da mai ita ya rufe ta, ya zama sarki ba tare da an naɗa shi ba. Mai haja na bakin masallaci yana da maƙwabta dama da hagu, ƙinsa ra'ayinsa ne kurum. Kantin da yawancin masu sayen ƙasa ke bi ta ƙofarsa kuwa, ƙinsa ya kusa zama doka, doka kuma wadda ba majalisar da ta zauna a kanta, ba alƙalin da za a kai wa ƙara. Saboda haka abu uku ya wajaba a kansa: ya faɗi abin da ya hana a fili, ya faɗi dalili, ya kuma bar ƙofa ga wanda aka hana ya zo ya kare kansa. A zamanin daular Sakkwato akwai muhtasibi, mai duba mudu da ma'auni da halin 'yan kasuwa. An san shi, an san wanda ya naɗa shi, aikinsa kuma da rana ya ke yinsa a tsakiyar kasuwa. Muhtasibin da ba a san fuskarsa ba, ba a san ma yana nan ba, wannan abin tsoro ne ko da yau hukuncinsa ya yi daidai.

Darasi daga Kano

Ba sai an ƙetare teku za a ga wannan gardama ba. A 2001 Jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, ta tara littattafan soyayya na Hausa a wata makarantar 'yan mata aka cinna musu wuta, bisa zargin suna ɓata tarbiyya. Shekarar da ta biyo, hukumar tacewa ta nemi marubuta su yi rajista da ita, su kawo rubutunsu a duba. Marubuta suka haɗa kai suka yi gardama, aka yi ta muhawara a jaridu da gidajen rediyo. A watan Oktoba na 2023 kuma aka hana wani ɗan littafin koyon Turanci mai suna Queen Primer a makarantun Kano, aka kwashe kwafi fiye da 1,000 daga hannun masu sayarwa, Majalisar Wakilai ta Abuja ma ta tattauna a kansa. Cikin abin da aka yi kuka da shi akwai wata kalmar Turanci wadda yau a ke kiran masu neman jinsinsu da ita. Masu kare littafin suka ce ai tun zamanin Sarauniya Biktoriya aka wallafa shi, kuma a lokacin ma'anar kalmar mai fara'a ce kurum. Masu sukarsa suka amsa cewa yaron yau da ma'anar yau zai fahimce ta.

Abu biyu za a koya a nan. Na ɗaya, duk abin da aka yi a Kano a fili aka yi shi, an san wanda ya hana, an san abin da ya hana, don haka aka sami damar ja da shi, kowa ya kawo hujjarsa. Wannan ya fi hani na ɓoye nesa ba kusa ba. Na biyu, yin abu a fili kaɗai bai isa ya mai da shi daidai ba. Wuta ba ta karatu. In aka zuba littattafai tari guda aka kunna, mai kyau da maras kyau toka ɗaya za su zama. Hukunci na adalci littafi littafi a ke yinsa, bayan an karanta, an kuma ji ta bakin mai shi. Akwai kuma bambanci tsakanin yaro da babba. Uba da malami suna da haƙƙin zaɓar wa yaro abin da zai karanta, gama amana ce a wuyansu. Amma magidanci mai iyali, wanda shari'a ta yarda da shaidarsa da cinikinsa, ba a yi masa rikon yaro a ɓoye masa abu a bar shi cikin duhu. A gaya masa an hana, a gaya masa dalili.

Gadon Sakkwato

Birnin nan yana da abin tunawa a kan wannan al'amari tun kafuwarsa. Lokacin jihadi, Shehu Muhammadu Al-Amin El-Kanemi na Barno ya yi ta aiko da wasiƙu yana sukar jama'ar Shehu Usmanu, yana tambayar hujjar yaƙar Musulmi. Cikin zarge-zargensa har da cewa mayaƙansu suna wulakanta littattafai. Muhammadu Bello ya amsa masa, ya ba da labarin ranar da aka ci wani gari na ƙasar Katsina, wanda masana tarihi ke cewa 'Yandoto ne, garin malamai. Ya ce ya ga takardu iska tana watsa su cikin ƙura, ya yi ta tsinta har ya gaji, ya wuni cikin ɓacin rai, ya tara jama'a ya bincika, aka ce masa rikicin ganima ne ya jawo haka. A lura, takardun nan na mutanen da aka yaƙa ne, duk da haka ya sunkuya ya tsince su.

Abin da ya fi wannan ban sha'awa shi ne yadda labarin ya iso ga mutanen yau. Bello da kansa ya kwafe wasiƙun El-Kanemi, da zafin sukarsu, ya sa su cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya gama a 1812, sa'an nan ya biyo su da amsarsa. Da ya so da ya binne su, ya bar wa na baya maganarsa shi kaɗai. Bai yi haka ba. Ya ɗora jiƙaƙƙen hatsi a bisa inda kowa zai gani, ya bar mai karatu ya auna.

Haka kuma lokacin da Baturen Ingila, Kyaftin Clapperton, ya komo Sakkwato a 1826, cikin tsarabar da ya kawo wa Sarkin Musulmi Bello akwai littattafai da Larabci: na lissafi na Uƙlidis, da na Ibnu Sina, da Zabura da Linjila. Bello ya karɓa, ya yi murna ƙwarai da na Uƙlidis, ya ce da ma yana da kwafinsa gobara ta cinye. Bai ji tsoron littafin wani addini ya shigo gidansa ba, domin ya san abin da ya riƙe. Malaman nan sun hana abubuwa da yawa, sun yi suka mai zafi, amma da sunansu su ke yi, a rubuce, da hujja, inda abokin gardama zai gani ya mayar da martani.

Nauyin da ke kan masu saye

Saura masu saye. Tashin da suka yi a 2009 ya yi amfani, gama ba don shi ba da watakila lambobin nan ba su komo da wuri ba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma ɗan kasuwa ba abin da ya ke ji kamar takun ƙafar da ke barin rumfarsa. Janye ciniki daga wanda ya yi ha'inci hanya ce ta halal, ba duka, ba zagi, ba ƙone kanti.

Amma fushin taro shi ma yana da tasa cutar. A kwanakin nan mutane da yawa sun yanke hukunci cewa makirci ne tun kafin a ji ta bakin kamfanin, bayan an yi bayani kuma suka ƙi sauka, don kunyar a ce sun yi gaggawa. Wani malamin jami'a a birnin New York, Clay Shirky, ya fito bayan ƙura ta lafa ya ce shi ma yana cikin waɗanda suka gaskata zargin, ya kuma ga yadda fushi ke neman sabon dalili in na farko ya rushe. Wannan hali ne na dattako. Alƙur'ani mai girma, cikin Suratul Hujurati, ya yi umurni da a bincika labari kafin a aikata a kansa, kada a cuci wasu cikin rashin sani a komo ana nadama. Wanda ke neman gaskiya daga mai kanti, shi ma ya wajaba ya yi wa mai kanti gaskiya. Sai dai fa a tuna, asirin da kamfanin ya lulluɓe aikinsa da shi, shi ya haifi zargin. Wanda ya saba aiki cikin duhu, ranar da ya ce tuntuɓe ya yi, da wuya a yarda.

Amfanin wannan ga mai karatu

Mutumin da ya koyi karatu da girmansa ya fi kowa sanin zafin wannan magana. Ya tuna lokacin da wasiƙa za ta zo masa, ya ɗauke ta ya kai wa wani, ya zauna yana kallon bakinsa, bai san ko an karanta masa duka ko an tsallake wani layi ba. Ya tuna takardar haraji da ta asibiti da ya kan dangwala wa yatsa bisa amana. Don ya fita daga wannan hali ya jure zama a aji bayan wahalar gona da kasuwa, har ya iya haɗa baƙi da wasali. To, abin takaici ne a ce bayan duk wannan ya sake komawa hannun wani mai karanta masa, wanda ba ya gani, wanda ke zaɓar masa layin da zai ji.

Yau littafi ya shiga waya, 'ya'yan Sakkwato da jikokinta suna nema suna samu ba tare da sun taka kasuwa ba. Saboda haka ya kamata duk wanda aka jero wa sunaye, na littattafai ne ko na labaru, ya riƙa tambayar kansa: wa ya jera waɗannan, me ya bari a baya, kuma ya faɗa ko bai faɗa ba? In ya ga dama ya ƙi littafi bayan ya san da shi, wannan ƙin nasa ne, yana da ladansa in don Allah ya yi. Amma wanda aka ɓoye wa abu bai zaɓi kome ba, an dai ja shi ne kamar makaho da sanda.

Mai hajar nan na bakin masallaci da ya dubi idon mai saye ya ce, "Malam, ni ba na sayar da irin wannan," ya fi babban kanti na duniya sanin ladabin ciniki, ko da jarinsa bai wuce abin da tabarma ɗaya za ta ɗauka ba. Allah ya ba masu sayarwa ikon faɗin gaskiya, ya ba masu saye haƙurin bincike, amin.